Doka ta san babur, rumfa ta san mai shi

A unguwarmu da ke yammacin kogin Gash, nan Kassala ta gabashin Sudan, akwai wata darbejiya da mutum biyu suka raba inuwarta. Gefen gabas na wani dattijo ne mai gyaran keke. Na taso na tarar da shi a wurin, da bokitin ruwan da yake neman huda a tif, da famfon da aka ɗaure wa wuya da roba. Gefen yamma na wani saurayi ne, bakaniken babur, wanda ya zo daga Wad Madani a ƙarshen Disamban 2023, lokacin da garin ya faɗa hannun dakarun Da'amus Sari', wato RSF. Ya iso da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu da jakar sifanu, shi ke nan. Dattijon ne ya ce masa ya zauna. Bai nemi kuɗin wuri ba, sharaɗi ɗaya ya gindaya masa: kada baƙin mai ya tsallako gefensa. Tun daga ranar kullum sai baƙin mai ya tsallako, kullum kuma sai an yi faɗa.

Ni mai keke ne. Malamin makaranta ne ni, kuma Phoenix ɗin da nake hawa ya girmi babban ɗana. Bayan la'asar nakan biya ta wurin ko ba ni da abin gyara, a zuba mini jabana, wato gahawa, mai citta, in zauna kan tsohuwar taya ina sauraren gardama. A nan keke ajala muke ce masa, babur kuwa motar, kamar yadda Larabcin ƙasar ya saba mana. Wannan kan rikita 'yan'uwanmu na Kano in muna waya: ka ce wane ya sayi motar, a yi ta barka da arziki, ashe ƙafa biyu ce. Zaman wannan rumfa ne ya sa na ɗauki ra'ayin da zan faɗa, wanda na san wasu maƙwabtana ba zai yi musu daɗi ba. Ina ganin dokokin da ake yawan fitarwa da sunan tsaro, na hana hawa babur ko ƙwace shi daga hannun duk wanda aka tare, kuskure ne, domin suna tsallake mutanen da suka fi kowa sanin wane ne wane a kan ƙafa biyu. Mu kuma masu keke da muke jin daɗi a ɓoye in an matsa wa masu babur, wauta muke yi.

Dattijon bai wuce makarantar allo ba, amma in ka miƙa masa kekenka zai karanta maka halinka. Yakan ce wanda sarƙarsa ta bushe har tana kuka, kada ka tambayi yadda iyalinsa suke a gida. Wanda ya zo faci ya tsaya a kanka yana ƙorafin lokaci, kada ka ba shi bashi. Wanda ya ari keke ya dawo da shi ya goge ƙurar sirdi, ko 'yarka ya nema ka ba shi. Da can ina ɗaukar wannan a matsayin surutun tsufa, sai da na fara lura da waɗanda ya yaba da waɗanda ya kushe, na ga da wuya ya kuskure. Saurayin ma yana da nasa karatun, kuma nasa ya fi shafar maganarmu. Ya ce mai babur na gaskiya ya san ranar da ya zuba baƙin mai na ƙarshe, ya san tarin da injinsa ke yi da sanyin safiya, kuma sai ya yi cinikin fulogi kamar zai sayi saniya. Amma wanda ya zo da babur mai kyau bai san ciwonsa ba, yana so a canja masa fentin tanki yau yau, bai ko tambayi farashi ba, to wannan ba nasa ba ne. Sau biyu ina zaune ya ce wa irin waɗannan ba shi da fenti, alhali ga gwangwanin nan a bayansa.

Waɗanda ke zuwa rumfar ba su da wani suna a gari. Akwai mai madara da ke rataye garwa biyu a kariyar keke tun kafin asuba. Akwai mai ɗauko ayaba da albasa daga lambunan sawagi, wanda in ya yi lodi ba ka ganin komai sai ƙafafunsa. Akwai mai agashe da ke zuwa mahauta da babur. Akwai wani da ya yi shekaru yana aikin banki a Khartoum, yanzu yana goyon mutane don abin cefane, har yau kuma rigarsa a goge take. Akwai wani siririn yaro marar magana, wanda shi ne ƙafar ungozomar unguwa: ko ƙarfe biyun dare aka buga masa waya zai fito ya kai ta. Mai madara da ma'aikacin banki ba abin da zai haɗa su a wata duniyar. A nan kuwa ɗaya na riƙe wa ɗaya taya, suna musu a kan ƙungiyoyin ƙwallo na Hilal da Marikh, kuma ranar da mahaifiyar mai madara ta rasu, ma'aikacin bankin ne ya yi ta zirga-zirga da babur yana sanar da dangi.

Tsakanin masu rumfar biyu kuwa, wanda bai san su ba sai ya ce gaba suke yi. Dattijon na kiran babur keken ragwaye. Saurayin ya ce, "Baba, naka fa ko kare ba ya tsere wa." Dattijon ya ce, "Nawa dai bai taɓa kwana a layin mai ba, ya usta." Ustan nan, wato gwanin sana'a, da ba'a yake faɗa, amma na lura in boris ya gagare shi gani, saboda idanu sun fara rauni, ba ya kiran kowa sai ustan. Shi kuma saurayin bai iya ɗaure wayoyin ƙafa ta miƙe sumul ba, don haka duk ƙafar babur da ta karkace gefen gabas take tsallakawa. Kuɗin aikin ba na jin sun taɓa lissafa shi. Kwanon abinci ɗaya ne, in na gidan wannan bai zo ba na gidan wancan ya zo.

Maganar layin mai ba wasa ba ce. Kafin yaƙi ma mun sha layi, sannan a 2021 gwamnati ta janye tallafin fetur gaba ɗaya. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, matatar Jaili da ke arewacin Khartoum ta shiga tsakiyar faɗa, fetur ya koma abin da ake aunawa a gorar ruwa. A lokacin ne na ga an juya tsani. Mu da aka saba yi wa hon a watsa mana ƙura, muka wayi gari mu ne masu abin hawa. Kekunan da suka yi shekaru a rataye a zaure aka sauko da su, dattijon ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba, har Raleigh na zamanin kakanni sai da suka fito. Samarin da ke ce mana mu sayi abin hawa na mutane suka dawo suna cewa, "Malam, ara mini ajalarka in je asibiti in dawo." Na ba da, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin roƙon fiye da yadda ya kamaci mai shekaruna.

Abin da ya kashe mini wannan jin daɗi ƙarami ne. Wata rana ina dawowa daga kasuwa da buhun dawa a kariya, rana ta take, ga hawan gadar Gash a gabana, numfashi ya ƙare. Sai na ji keken ya yi sauƙi kamar an ɗauke buhun. Yaron ungozoma ne ya sa ƙafarsa ta dama a kariyata yana tura ni da babur, bai ce uffan ba har muka sauka, ya ɗaga hannu ya wuce. Bayan mako biyu na same shi a bakin hanya yana jan babur, mai ya ƙare. Ni na karɓi gorarsa na je na nemo masa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma mu ma abin da muke hawa ƙafa muke ce wa gargarensa. Mai mota ba zai gane wannan ba, don shi yana cikin akwati, gilashi a rufe. Mu kuwa rana ɗaya ke dukanmu, ƙura ɗaya muke shaƙa, ramin da ya kayar da keke shi zai kayar da babur, babbar motar da ta matse ɗaya gefen titi ba ta tambayar ko akwai inji a ƙarƙashinsa.

In aka bi asali ma, gida ɗaya ne. Babur keke ne da aka ɗaura wa inji. A Amurka, wani zakaran tseren keke mai suna George Hendee, wanda ya koma ƙera kekuna, ya ga wani maƙeri haifaffen Suwidin, Oscar Hedstrom, yana haɗa keke mai inji da ke shiga gaban masu tsere yana kare musu iska. Suka haɗa kai a garin Springfield a 1901, aka sami baburan Indian. Kamfanin Triumph na Ingila kekuna yake yi a Coventry kafin ya fitar da babur ɗinsa na farko a 1902. Soichiro Honda kuwa, a 1946, bayan Japan ta sha kaye a yaƙi, ƙananan injunan janareton rediyon soja da aka yi watsi da su ya tattaro yana ɗaura wa kekuna, saboda mutane na neman abin da zai kai su kasuwa a lokacin da komai ya rushe. Ranar da na ba da wannan labarin a rumfa, saurayin ya yi shiru, sannan ya ce ashe shi ma ɗan gudun hijirar yaƙi ne ya kafa sana'arsa. Na ce masa Honda bai yi gudun hijira ba. Ya ce ai duk ɗaya ne, tunda daga tarkace ya fara. Dattijon kuwa abin da ya riƙe kawai shi ne keke ne uba, kuma har yau yana tuna wa saurayin.

Manyan 'yan tsere na duniya ba su raba abin ba. Masu tseren babur na MotoGP da keke suke horar da jikinsu. Nicky Hayden, Ba'amurken da ya ci gasar a 2006, ya yi shekaru yana gudun da ya wuce kilomita 300 a awa bai mutu ba, sai a watan Mayun 2017 mota ta buge shi yana kan keke kusa da Rimini a Italiya, ya rasu yana da shekara 35. Cal Crutchlow na tseren babur da Mark Cavendish na tseren keke abokai ne da suka sha yin atisaye tare. A manyan tseren keke ma babura ne ke ɗauke da masu ɗaukar hoto da alƙalai, wani lokaci kusancin ya zama ajali, kamar yadda ya faru da Antoine Demoitié, ɗan Beljiyam da babur ya taka bayan ya faɗi a tseren Gent-Wevelgem na 2016. Mu a Kassala wannan duniyar ba ta yi mana nisa kamar yadda ake zato ba, don Eritriya na bayan duwatsun Taka, kuma mutanen Asmara keke a jininsu yake tun zamanin Italiyawa. A Yulin 2024, da Biniam Girmay ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a Tour de France, ya ƙara biyu, ya tafi da koriyar riga, maƙwabtanmu 'yan Eritriya a wannan rumfa suka kalla a waya ɗaya, kai goma a kan allon da bai kai tafin hannu ba. Dattijon na kallon ƙafafun masu tseren yana ta salati, saurayin na kallon baburan da ke bin su yana lissafin man da suke sha.

To, ga inda maƙwabtana za su tare ni, kuma suna da hujja. Babur ya yi ɓarna a ƙasar nan. Tun kafin yaƙi mutanen Khartoum suka san tis'a ɗawila, samari biyu a kan babur, ɗaya na tuƙi ɗaya na fizgar waya ko jaka. Da yaƙi ya shiga jihar Jazira, inda Madani take, mutanen ƙauyuka da yawa ƙarar babur ce ta zama musu sallamar masu wawure dukiya. Saurayin rumfarmu da kansa ya ce akwai lokacin da mahaifiyarsa in ta ji babur da dare sai jikinta ya ɗauki ɓari, ita da ɗanta ke ciyar da ita da gyaran babur. Ƙanwar matata ma an fizge mata waya a hanyar kasuwa, aka ja ta a ƙasa, har yau akwai tabo a gwiwar hannunta. Wanda ya ga wannan ya ce a hana babur, ba zan ce ba shi da hankali ba. Kuma akwai dare da wuri da hukuma ke da gaskiya in ta ce kowa ya ajiye, kamar lokacin da ake jin abokan gaba na ƙofar gari.

Amma a duba abin da aka girba inda aka gwada hanin a matsayin magani na dindindin. A Nyala ta Darfur, tun 2014 aka kafa dokar ta-ɓaci da ta haɗa da hana goyo a babur da hana naɗa kadamul, rawanin da ke rufe fuska, kuma kowa ya san abin da Nyala ta gani bayan nan. A Maiduguri an hana babur ɗungurungum a Yulin 2011, rikicin Boko Haram kuwa sai bayan nan ya kai ƙololuwa. A Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, an hana acaɓa cikin 'yan kwanaki. Masu hali suka koma a daidaita sahu, irin rakshar da muke da ita nan, marasa hali suka rasa sana'a. Ban ce hanin bai taɓa rage wani abu ba. Abin da nake cewa shi ne mai bindiga ba ya tsayawa a shinge ya miƙa makulli. Wanda ke tsayawa shi ne mai agashe, da ma'aikacin banki, da yaron ungozoma. An bar jaki ana dukan taiki.

Na ga wannan da idona. Mai ɗauko kayan lambu ya tara kuɗi shekara uku ya bar keke ya sayi babur na hannu. A wani shinge aka karɓe, don takardar cinikin da sunan wanda ya sayar masa take, shi kuma yana wani gari da ba a iya zuwa. Ya yi ta sintiri har ya gaji. Kowa a unguwa ya san babur ɗin nasa ne, dattijon ya san shi tun yana koyon hawa yana faɗawa cikin kwata, saurayin ya san lambar injin da ka don shi ya sauke shi ya mayar. Ba wanda aka tambaya. Mutumin ya dawo kan keke, keken ma na aro daga dattijon, yana yin sawu uku a inda da yake yin takwas.

Mu Hausawan Sudan bai kamata a koya mana zafin hukuncin jam'i ba. Kakanninmu sun zo ƙasar nan tun kafin a zana iyakokinta na yanzu, wasu a hanyar Makka, wasu a bayan Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, amma har yau akwai wanda in ya ji Hausa a bakinka ya gama yanke maka hukunci. A 2022 mun ga rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a jihar Nilu Mai Shuɗi, mun ga gawawwaki, mun ga iyalai a makarantu. Wanda ya ɗanɗani a kama shi da laifin sunan ƙabilarsa, ina mamakin yadda zai zauna a zaure ya ce duk masu babur ɓarayi ne. Na ji wannan magana daga bakin dattawan da nake girmamawa, wasunsu masu keke irina, kuma na san ba tsaro kaɗai ke magana a bakinsu ba. Akwai tsohon haushin ƙurar da aka watsa musu.

Abin da nake ganin ya fi, ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya shiga kasuwar dabbobi a Sudan ya san damin, mutumin da ke tsaya wa mai sayarwa. Ba ka san baƙon da ya kawo raƙumi ba, amma ka san daminsa, kuma in raƙumin ya fito na sata, damin ne zai nemo maka wanda ya sayar. Da wannan tsari ake cinikin dukiya mai yawa tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Mu ma a gargajiyarmu kowace sana'a da shugabanta, sarkin pawa, sarkin maƙera, sarkin aska, kuma shi ake tambaya in wani nasa ya yi abin kunya. Me zai hana masu ƙafa biyu su sami irin wannan? Kowace unguwa tana da rumfarta. A bar masu gyara da dattawan mahaya su rubuta waɗanda suka sani, da lambar inji, su tsaya musu. Wanda ke da mai tsaya masa ya wuce da sana'arsa, ko takardarsa ta ƙone a Khartoum ko ta maƙale a Madani. Wanda duk garin nan babu rumfar da ta san shi, shi ne ya cancanci a tsayar da shi a yi masa tambayoyi.

Da na kawo wannan shawara a rumfa ina jiran yabo, dattijon ne ya fara watsa mini ruwa. Ya ce, "Malam, ni mai faci ne, ba ɗan sanda ba. Ranar da aka san ina rubuta sunaye, ranar za a daina faɗa mini gaskiya." Ya ce kuma duk inda aka ce sai da sa hannun wane, to an buɗe kasuwa, gobe za ka ji ana sayar da sa hannun. Saurayin ya ƙara da tasa, wadda ta fi ta dattijon ciwo. Ya ce ranar da ya sauka a tashar Kassala babu rumfar da ta san shi. In da tsarina ake bi, shi ne na farkon wanda za a tsare. Na kwana ina juya wannan. Gaskiya ne, garin cike yake da baƙi da yaƙi ya koro, kuma tsarin da ya dogara da sanayya yana iya zama katanga a gaban wanda ba shi da kowa. Amsar da nake da ita ba cikakkiya ba ce. Shi ɗin ma ai wani ne ya dube shi ya ce zauna, kuma bai yi wata uku ba unguwa ta san shi. Sanayya irin ta rumfa da wuri take ƙulluwa, don kullum abin hawa sai ya nemi gyara. Batun cin hanci kuwa, a shinge ma ana ci, bambancin kawai shi ne damin da ya tsaya wa ɓarawo yana da gida a unguwa, za a same shi gobe a masallaci. Maganar dattijon ta farko ce ban iya warwarewa ba. Zan fi so a ce aikin mai tsayawa shi ne ya ce na san wannan, ba ya ce ku kama wancan ba. Ko hukuma za ta yarda ta tsaya a nan, wannan wata magana ce.

Su ma masu babur ba zan wanke su tas ba, don rabin ƙiyayyar da ake yi musu su suka saya. Yaro ya cire salansa ya ratsa layi da tsakar dare, jarirai su farka, marasa lafiya su zabura. A yi goyon mutum uku, babu hular kwano ko ɗaya, a bi ta gaban makaranta lokacin tashi kamar ana kora. Ɗalibina guda yana ɗingishi har yau saboda irin wannan. In masu sana'ar na so a daina yi musu kuɗin goro, su fara hukunta nasu. A nan ma rumfa ta fi shinge tasiri. Na ga saurayin ya ƙi taɓa babur ɗin wani yaro sai ya mayar da salansa, yaron ya yi fushi ya tafi, ya zagaya ya dawo bayan kwana biyu da salansar a hannu, don duk wanda ya je wurinsa sai ya tambaye shi me ya haɗa shi da ustan yammacin Gash. Mu masu keke kuma mu rage wa kanmu tsarki. Muna tafiya da dare babu fitila, muna shiga hannun da ba namu ba, birkinmu tafin takalmi ne, in an buge mu kuma laifin mai inji ne.

Na taɓa zuwa Atbara ina saurayi, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, na ga yadda titi ke cika da kekuna in an tashi daga aiki, injiniya da mai share bita kafaɗa da kafaɗa. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin darajar keke. Yanzu ina ganin darajar ta mutanen da suka san juna ce, keken dai ya ba su damar yin magana a hanya. 'Yata ƙarama ta fara matsa mini in koya mata hawa, kakarta ta ce ba a gidanta ba, dattijon kuma ya riga ya ajiye mata wani ƙaramin keke a bayan darbejiya ya ce in an gama shawara a zo a ɗauka. Wannan rigimar ta wata rana ce.

Tun da soja suka karɓe Madani a Janairun 2025 mutane ke komawa, wasu su zauna, wasu su duba su dawo. Saurayin ya daɗe yana ja da baya, sai kwanakin baya ya ce zai je ya ga abin da ya rage na shagonsa. Ya ɗauki sifana biyu, ya bar jakar a gefen gabas. Dattijon ya ce masa wurin ba ma'ajiya ba ce, in ya wuce wata guda zai sayar. An wuce watan. Shekaranjiya da na biya, na tarar da babur ɗin yaron ungozoma a jingine a gefen gabas, dattijon a tsugune da tabarau a kan hanci yana kokawa da fulogi, baƙin mai har gwiwar hannu, ya ɗiga a kan tabarmar sallarsa. Waya na kan bokitin faci a buɗe, muryar saurayin na fitowa daga Madani tana yankewa: "Baba, hagu za ka juya, hagu." Dattijon ya ce, "Na san hagu tun ba a haifi ubanka ba." Ya ɗago ya gan ni, ya ce in daina tsayuwa kamar baƙo, in riƙe masa tocila.